Ƙirjin Ladan Yahuza

Korona ta saki Malam Yahuza, ladanin wata unguwa a Ruwan Godiya, amma ta tafi da numfashinsa. Mutumin da ake jiyo kiran sallarsa daga gonakin bayan gari, ga shi daga ɗaki zuwa zaure sai ya dafa bango yana haki. Liman ya ba wani mai suna Barau riƙon ladanci, ya ce idan damina ta faɗi Malam bai murmure ba, to Barau ya ci gaba. Wannan magana ta fi ciwon yi masa zafi.

Asibitin Katsina ya yi nisa, hanyar kuma ba ta biyuwa kullum. Don haka aka haɗa shi da Amatullah, ma'aikaciyar lafiya mai koyar da atisayen numfashi, tana kiransa ta bidiyo a wayar matarsa Mansura.

Sai dai Malam mutum ne da bai iya kai ƙarar jikinsa ba. Ko yana shiɗewa aka tambaye shi, amsar ɗaya ce.

"Baba, ya ƙirjin?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Da sauƙi ƙwarai."

Da ta ji haka sai ta ƙara masa aiki: zagaya tsakar gida, tashi ka zauna, hura bututu cikin gorar ruwa. Ana kashe waya sai ya zube kan tabarma kamar buhun da aka zazzage.

Ranar da Mansura ta gaji, ta fizge wayar. "Likita, kada ki biye mishi! Jiya sai da na kama shi bakin rumbu, saura kaɗan ya hwaɗi. Shi ko kura ta ɗauke mishi ƙahwa, lahiya lau zai ce."

Amatullah ta yi dariya. "To Baba, na daina tambaya. Ja mini numfashi, ka sake shi da aaa, in ji da kunnena."

Ya ja, sautin ya tsinke tun bai je ko'ina ba. Kunya ta kama shi, amma a nan ne gyara ya fara. Ta rage atisayen, ta koya masa shaƙa ta hanci ya fitar a hankali ta laɓɓa, ya huta kafin haki ya zo. Jikoki suna ta yi masa dariyar kumfar gora, shi ma har ya koma taya su.

Wata la'asar, hadarin farko yana haɗuwa a gabas, ya sa hula ya nufi masallaci. Barau ya matsa ya ba shi wuri ba musu. Malam ya toshe kunne ya ɗaga murya. A tsakiya ta yi rawa, ya tsaya ya shaƙa ta hanci, ya kai ta ƙarshe.

Mansura tana tsakar gida, ta kira Amatullah ta ɗaga wayar sama da katanga, hawaye na zuba tana dariya.

"Likita, kin ji? Wanga nawa ne!"