Saniyar Bintu a Garken Aladu

A shekarar da fari ya cinye shanun Damagaram, aka turo wa ofishin elbaj na Zinder, mai kula da kiwon dabbobi, wani dokotoro daga ƙasar waje. Ba don shanu ya zo ba. Ya zo ya gano yadda fatar ƙwayoyin halitta take sauyawa a gidan ƙwan macen alade yayin da ƙwan yake nuna. Aka gina garke a bayan gari, aka zuba aladu mata, babbar mota kamiyo na kawo musu dusa da ruwa.

Kyari, tsohon mai allurar dabbobi, shi aka ɗora wa ciyar da su. Yana zuba dusa a kwami yana istigfari.

A gida kuwa, saniyar matarsa Bintu, wadda ita kaɗai ta rage cikin gadonta na Tirmini, ta kai sai an ɗaga ta da igiya.

"Malam," in ji Bintu, "haram na ƙoshi, halal na cin kwali. Ɗebo mata dusar mana."

"Mai gadi ba ya barin buhu ya fita."

"To, shiga ma ya hana?"

Bai hana ba. Washegari Kyari ya ja saniyar zuwa garke, ya ce awon lafiya za a yi mata. Ta tsoma baki a kwami, ko waiwaye babu.

Labari ya kai wa Malam Tanimu, limamin unguwa. Ya tare Kyari a ƙofar masallaci.

"Dabbar da ta ci sauran alade, ba a shan nononta sai an tsare ta a kan abinci mai tsarki."

"Allah gafarta Malam, ina mai tsarkin yake?"

Malam ya daɗe yana shafa gemu. "Ai matsalar saura ce. In ta riga su sa baki, shi ke nan. Gobe ka biyo, ragona ma yana son awo."

Kafin wata ya ƙare, duk dabbar unguwa ta buƙaci awo, har da bajimin wani mahauci. Sai sun ƙoshi Kyari yake sakin aladun su lashe kwami. Aladu suka rame.

Wata safiya dokotoro ya kira shi ɗakin madubin da ke ƙara girman abu. Kyari ya shiga yana ganin asiri ya tonu, saniyar Bintu za ta koma cin kwali.

"Kyari, ƙwan ya ƙi nuna, fatar duk ta yamutse. Ana cinye abincin kuwa?"

"Ko ƙwaya ba ta kwana, dokotoro."

Dokotoro ya miƙe fuska a washe. Ya ce ba a taɓa ganin haka a ko'ina ba, lalle zafin Damagaram ne, kuma manyansa za su so su ji. Don a tabbatar, ya ba da umarni a ninka dusar.

Aladun dai ba su murmure ba, don unguwar maƙwabta ta ji labarin awo. Saniyar Bintu kuwa, ruwan farko ya same ta a tsaye da ƙafafunta, da cikin wata biyu.