Hular Dewey a Filin Daga

Igwa ta uku na tashi, Lorene ta ga mijinta ya faɗi.

Ba sabon abu ba ne. Kowace kaka Dewey yakan faɗi a kan wannan tudu na Kentucky, inda kakan kakansa ya rasa ransa a yaƙin basasar Amurka. Wurin ya zama gandun tarihi, maza kan sa kakin sojan da, su sake yaƙin da albarushi ba harsashi. Wanda ya faɗi ba ya motsi sai an busa begila.

Sai dai bana likitoci sun buɗe masa ƙirji. Da safe tana ɓalla masa maɓallai, ta sa ya yi alkawari: in faɗuwar wasa ce, zai rufe fuska da hularsa.

Ga hular can cikin ciyawa, nesa da hannunsa.

"Kai, yayana ya iya mutuwa!" in ji Verna, ƙanwarsa, tana gaigayar masara. "Bara har tafa masa aka yi."

"Verna, dubi hular."

"Ke dai matar yaya, kin cika tsoro."

Lorene ta damƙe igiyar da ta tsare 'yan kallo har ta ci mata tafi. Hayaƙi ya rufe shi, ya yaye, yana nan yadda yake. Mutumin da tun tana budurwa take jin numfashinsa a gefenta!

Aka busa begila. Gawarwaki suka miƙe suna kakkaɓe wando, suna dariya. Ban da Dewey.

Lorene ba ta san lokacin da ta tsallake igiyar ba. Mai gadi na kira, takalminta ɗaya ya fita, ba ta waiwaya ba. Ta zube a kansa, ta girgiza shi.

Ya buɗe ido ɗaya. "An busa ne?"

"Ina na'urar kunnenka ta ƙara ji?"

"Tana mota. Wa ke da ita a 1862?"

"Hular fa, tsohon banza?"

"Iska ce ta ɗauke. Haba 'yammata, gawa ta miƙa hannu a gaban jama'a?"

Ta ɗauko hular ta maka masa a fuska. Sannan ta kwantar da kunnenta a kan rigar ulun, tana kuka, har ta ji zuciyarsa tana bugawa, a hankali, ba ta tsaya ba.

"Baɗi," ta ce, ba ta ɗago ba, "ba ka shiga filin daga, kana sansani wajen masu dafa wa sojoji wake."