Taken Baba a Bakin Na'ura

Yaya Abdulsamad ne ya shigo da ita gida a cikin kwalin sabulu, yana ta murna wai ya samo mini keken rubutu. Wani Bature malamin makaranta ne ya bar masa ita a shagonsa na gyaran rediyo da ke Titin Koudoukou, lokacin da aka kwashe Turawa a boren soja na watan Mayu. Na juya ta gaba, na juya ta baya, babu inda ake zura takarda. Sai da na buɗe littafin Faransancin da ya zo da ita na gane kwamfuta ce, irin ta da, wadda ake jonawa da talabijin. Ta tsufa har farinta ya koma ruwan ƙasa. Can kusa da ƙarshen littafin an ce tana da murya uku, kuma kowace murya za ta yi waƙa idan an ba ta lambobi.

Ni kuwa abin nema ya samu. Boren soja na uku ya raba garinmu Bangui gida biyu, an rufe makarantarmu, ba ni da aikin da ya wuce tsince shinkafa da sauraron harbi daga wajen kogi.

Gidanmu ma ya fi garin mutuwa. Babana, Zakari mahauci, wanda idan ya yi dariya a rumfarsa ana ji har bakin titi, ya shige ɗaki ya ƙi fitowa. Waɗansu masu kaki ne suka tare shi a shinge, suka kore bijiman da ya sayo, ɗayansu ya mare shi a gaban yaran aikinsa. Tun daga ranar ko Juma'a bai sake zuwa ba. Inna ta yi lallashi har ta gaji, abokansa suka yi ta sallama suna komawa. Ina tausayinsa, amma gaskiya haushinsa ya fi yawa a raina. Ina son babana ya dawo.

Ranar da na fara buga lambobin, harafi ɗaya na kuskure sai na'urar ta ƙi ni. Na gyara, na sake gyarawa, na danna. Sai ga wani siririn kuka daga talabijin, tiiit. Na yi tsalle har na zubar da kwanon shinkafa. Inna ta leƙo da tsintsiya tana neman gyare. Kafin la'asar na gane cewa babbar lamba tana ba da siririyar murya, ƙarama kuma kauri, na jera guda shida suka hau suka sauka. Ina cikin rawa ni kaɗai aka ɗauke wuta, duk abin da na rubuta ya tafi. Na yi kuka, sannan na koma littafin na koyi yadda ake adana aiki a kaset.

Akwai wani tsoho, Baba Nasidi, da ke zuwa zaurenmu kullum cin abincin rana. Shi ne makaɗin kalangun mahautan unguwarmu kafin ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, tun ina 'yar ƙarama. Wata rana ya ji abin da nake yi, ya ce a kawo masa tsuntsun nan ya gani. Na ɗauko komai na kai zaure, na kunna masa ina jiran yabo.

"Tsuntsun naki yana da murya, Hafsat," in ji shi, "amma ba shi da magana."

A nan dabara ta faɗo mini. Kowane mahauci yana da takensa, kiɗan da kalangu ke kiran sunansa da shi, kuma na sha jin Inna tana cewa babana bai taɓa jin nasa yana zaune bai miƙe ba. Na tambayi Baba Nasidi ko yana tune da shi. Ya harare ni kamar na tambaye shi sunan uwarsa, ya fara yi mini da baki, yana buga gwiwa da hannunsa mai lafiya.

Muka duƙufa. Shi yana rerawa, ni ina farautar lambar da ta yi daidai. Na samu hawa da saukar duka, na kunna, ya girgiza kai. Ya ce kalangu ba ya tsalle daga murya zuwa murya, zamewa yake yi, domin makaɗi yana matse igiyoyinsa a hammata yana saki. Na kwana biyu ina cizon yatsa. Daga baya na ce, to me zai hana in sa lambar ta riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan da sauri, maimakon ta dira gaba ɗaya? Na rubuta, na danna. Sautin ya lanƙwasa ya miƙe, ya ce wani abu mai kama da Za-ka-ri. Baba Nasidi ya buɗe baki, haƙoransa uku a waje, ya ce in sake. Na sake har sau ban san adadi ba, muna dariya kamar waɗanda suka tsinci dami a kala.

Murya ta biyu na ba ta aikin ɗan karɓi, ƙaramin kalangun da ke amsa wa babba. Ta uku na bar ta tana riƙe da bugun ƙasa. Da muka gama, tsohon ya ce saura jela. Ya rera mini wani guntun kiɗa mai sauri da ake maimaitawa a ƙarshe. Ban tambayi komai ba, na ɗauka cikon take ne, na saka shi.

Talabijin ɗinmu ba ta da ƙarfi, ɗakin Baba kuma yana can ƙuryar gida. Yaya Abdulsamad ya ce wannan mai sauƙi ne. Ya ɗauko wata ƙatuwar lasifika da aka kawo masa gyara, ya jona, ya jingine ta a ƙofar zaure. Bayan la'asar ne, garin ya ɗan lafa, ga wuta. Na ce bismilla na danna.

Kai, ashe haka abin yake. Kiɗan ya cika gidan ya tsallake katanga. Kaji suka watse, Inna ta saki muciya ta dafe ƙirji. Ni ina tsaye ina kallon labulen ɗakin Baba, zuciyata tana bugawa tare da muryar ƙasa. Take ya ƙare, jela ta shigo tana maimaita kanta. Labule bai motsa ba.

Ƙofar gida ce ta motsa. Wata maƙwabciyarmu ta leƙo tana tambaya da yaren Sango, "Nyama ayeke da kekereke?" wato akwai nama gobe? Kafin in ba ta amsa wasu mata biyu sun iso daga bayan layi, sai tsohuwa 'Yargoggo da sandarta tana cewa a ajiye mata hanta. Mai tsiren bakin titi ya zo da gudu, har wani daga unguwar Kokoro da ke wucewa a keke ya tsaya. An yi makonni ba a ga jan nama a unguwar ba.

Inna ta ja ni gefe, ta ce na san abin da na kaɗa kuwa? Jelar nan shela ce. Ba a buga ta sai jajibirin ranar da Zakari zai yanka sa, duk wanda ya girma a unguwar nan ya san ta. Na juya wajen Baba Nasidi. Yana zaune yana sakace, ko kallona bai yi ba.

Hayaniyar ta yanke. Babana ne a tsakar gida, ya rame, gemu ya yi masa buzu-buzu, yana ƙifta ido saboda haske. Ya ratso mu har zaure.

"Wa ya kaɗa?"

Baba Nasidi ya ɗaga shanyayyen hannunsa da mai lafiyar ya nuna masa. Babana ya dubi talabijin, ya dubi na'urar, sannan ya dube ni. Na ce ni ce, Baba, ban san shela ba ce, zan fita in ba su haƙuri.

"Ba a taɓa kaɗa mini wannan aka wayi gari babu nama ba," in ji shi. Ya leƙa waje ya ce wa matan, "Gobe da hantsi."

Guɗar 'Yargoggo ta tashi. Ni ma na kusa yi, don murya ce ta babana ta ainihi, wadda na yi kewa. Ya sa aka kawo masa takalma da babbar riga, ya ce wa Yaya Abdulsamad ya zauna da mu. Sai a lokacin na tuna inda ake samun sa. Kasuwar shanu tana can bayan gari, kuma hanyarta ita ce mai shingayen nan.

Na bi shi da gudu har bakin layi, ba ko mayafi. Na riƙe hannun rigarsa na ce ya bari sai an kwana biyu, hanya ba kyau, wasa nake yi da na'ura.

Ya cire hannuna a hankali, yana murmushi. "Ke kika kira, Hafsatu. Ni amsawa na yi."

Ya miƙe titi yana ɗaga wa masu shaguna hannu, suna fitowa suna kiran sunansa. Daga wajen kogi aka saki harbi, bai ko waiga ba. Na tsaya a wurin ina murna ina fargaba, har ya sha kwana na daina ganinsa.