Tela Ya Fita Neman Mota

Shekara goma sha ɗaya motar gidan Tela ta yi tana ɗawainiya da su, kuma ko ran da ya saye ta ba sabuwa ba ce. Ita ta kai matarsa asibiti haihuwar Auta, ita ke kai yara makaranta, ita ke kwaso masa yadi daga kasuwa zuwa shago. Ran da ta gaza ma ba ta ba su kunya a titi ba. Sun dawo daga kai Inna, mahaifiyarsa, wurin likitan ƙashi, suna shan kwanar layinsu sai ta yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, ta gangara a hankali har gindin bishiyar ƙofar gida, ta yi shiru.

Washegari da safe Bakanike ya zo. Abokin Tela ne tun suna yara, kuma duk tsawon shekarun nan shi kaɗai ke taɓa motar. Ya ɗaga murfin injin, ya zaro sandar awon baƙin mai, ya murza man tsakanin yatsunsa, ya daɗe yana kallonsa.

"Injin ya buga, mutumina," ya ce. "Zan iya tashinta, ba wai ba zan iya ba. Amma in na ce maka za ta kai ku baɗi, na yi maka ƙarya. Ka bar baiwar Allah ta huta."

Tela bai yi musu ba. Ya dafa bayan motar kawai, ya ce to.

Da yamma, suna zaune a tsakar gida bayan an ci abinci, ya faɗa wa iyalinsa za a nemi wata, ita ma ta hannu. Nan fa kowa ya kawo tasa. Matarsa, wadda duk unguwa ke kira Mai Kaji saboda ɗakin kajin da take da shi a bayan gida, ta ce ita ba ruwanta da kala ko ƙyalli.

"But ɗin kawai nake so ka duba mini, Baban Auta. In bai ɗauki kiret goma sha biyu na ƙwai da buhun abincin kaji ba, kada ma ka tambayi kuɗinta."

Babbar 'yarsu ta ce a samo mai sanyi a ciki, ta gaji da isa makaranta hijabi a jiƙe. Auta ta ce ja take so. Inna tana gefe tana shafa mai a gwiwoyinta, sai da kowa ya gama ta ce, "Ni dai wadda zan shiga da ƙafata. Kada ku kawo mini wadda sai an ɗaga ni kamar buhu."

Ranar Asabar Tela ya rufe shago, ya rataya tef ɗinsa na awo a wuya, suka tafi filin sayar da motoci shi da Bakanike. Fili ne babba da aka zagaye da waya, motoci a jere an wanke su suna ɗaukar ido. Wani dillali mai fara'a ya tare su tun daga ƙofa, yana ta karkaɗa tarin makullai.

A layi na biyu Tela ya gan ta. Baƙa ce wuluk, doguwa, gajeriyar ƙafa, kujerunta na fata ruwan madara. Mutum ne da bai cika son abin duniya ba, amma da ya zauna ya kama sitiyarin sai ya ji wani abu ya motsa masa a ƙirji. Ya hango kansa yana fakawa a ƙofar shago, masu shagunan maƙwabta suna leƙowa. Dillali ya tayar da ita, injin ya yi wani sanyin murya kamar ba a kunna ba. Ko Bakanike sai da ya gyaɗa kai.

"Sa bel ka ɗan zaga da ita," in ji dillali. "Wannan mace ce ta hau ta, daga gida sai ofis."

Tela ya jawo bel ɗin. Yana saukar da shi, babban yatsansa ya bi ta kan wani ɗinki can ƙasa kusa da gindin kujera, ya tsaya. Shekara talatin yana kan keken ɗinki, yatsansa ya riga idonsa gane aiki. Ya sunkuya ya duba. Bel ɗin ɗaya kujerar ɗinkinsa a matse yake, zare mai kauri, kowane taki daidai da ɗan'uwansa. Wannan kuwa da zaren wando aka haɗa shi, kuma keken da ya yi aikin yana tsallake ɗinki, alamar allurar ta lanƙwashe.

Gaskiya ya so ya yi shiru, don ya san yana buɗe baki motar ta fita daga hannunsa. Ya sake shafa fatar kujerar. Sannan ya tuna wannan bel ɗin ne Mai Kaji za ta riƙa sawa in ta fita kai ƙwai.

"Zo ka ga wani abu," ya ce wa Bakanike. "An taɓa yanka wannan, aka mayar."

Bakanike ya duba, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar da tocila. Da ya fito yana kakkaɓe riga ya ce, "Gefen direba duk walda ne, an shafe da baƙin fenti. Ta sha bugu ba kaɗan ba. Bel ɗin nan yanka shi aka yi aka fito da mutum."

Dillali ya rantse shi ma haka aka kawo masa, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, don shi ma sai da ya durƙusa ya leƙa. Suka yi sallama ba tare da ɓacin rai ba. A hanya Bakanike yana ta dariya.

"Ni da na zo duba maka mota, kai ka duba mini. Gobe sai in zo shago in yanka maka riga."

Sati na gaba suka ga wata mai tsayi, lafiyayya, but ɗinta har ya fi abin da Mai Kaji ta nema. Bakanike ya yaba ta ciki da waje. Aka ɗauko Inna a tasi don ta gwada. Ta tsaya ta dogara sandarta, ta dubi matakalar, ta dubi ɗanta.

"Da tsanin ake sayar da ita, ko shi daban za ka saya?"

Haka aka bar wannan ma. Sati uku suka yi a tasi. Yara suna makara, ranar Alhamis ta asibitin Inna ta zama aiki, sau ɗaya kuma wani direba ya faɗa rami da gudu, kiret biyu na ƙwai suka tashi aiki. Mai Kaji ba ta yi ƙorafi ba, sai dai kullum in Tela ya shigo takan dubi hannunsa ko da makulli.

Wata Talata da hantsi wani tsohon abokin cinikinsa ya shigo shago, 'yarsa tana riƙe da hannunsa. Dattijo ne dogo, ma'aikacin awon filaye da ya yi ritaya, shi ya sa ake ce masa Mai Awo. Wanduna uku ya kawo a rage masa ƙugu. Tela yana auna shi ya lura dattijon na laluben gefen teburi kafin ya dafa.

"Baba, yau ban ji ƙarar motarka ba."

"Ai ni da tuƙi mun yi bankwana," in ji Mai Awo. "Idon ne. Likita ya ce in ajiye makulli, wannan kuma," ya nuna 'yarsa da haɓa, "ta ɓoye shi don ba ta yarda da ni ba. Wata huɗu ke nan tana tsaye a rumfa, sai dai a tayar da ita ta ɗumama."

Tela ya ba shi labarin tasa. Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ba talla nake maka ba. Amma ka zo da mai duba maka, ka zo da mahaifiyar taka. In ba ta yi ba, kun sha shayi kun tafi."

Suka je ranar Asabar da la'asar, su huɗu: Tela, Mai Kaji, Inna da Bakanike. Da aka yaye tamfol, zuciyar Tela ba ta motsa ba ko kaɗan. Mota ce ruwan ƙasa mai dogon baya, fentin saman ya koɗe, ƙofar hagu ta baya kuma da lotsawa kamar tafin hannu.

Kafin kowa ya yi tambaya Mai Awo ya fara zayyano laifuffukanta. Gilashin baya na dama sai an taimaka masa da hannu yake hawa. Rediyon tasha ɗaya yake kamawa. In an yi doguwar tafiya a duba ruwan lagireto. Sanyin ciki yana aiki, amma sai an ba shi minti biyar.

"Wannan kuma," ya lalubo lotsawar da tafinsa, "ni na yi da ginshiƙin ƙofar gidan nan. Shekara ashirin ina shige shi ban taɓa gogarsa ba. Ran nan na san idon ya tafi."

Bakanike ya shiga aikinsa. Ya duba mai, ya saurari injin da kunnensa a jikin sukundireba, ya shige ƙasa ya daɗe. Tela kuma ya buɗe but ya ja tef, tsawo da faɗi da zurfi, Mai Kaji na tsaye a kansa.

"Goma sha huɗu," ya ce mata. "Har da buhun."

"Ka tabbata?"

"Kin taɓa ganin na yanka riga ta matse?"

Suna cikin haka suka ji an rufe ƙofa. Suka waiga, sai ga Inna a kujerar baya, sandarta a kan cinya. Ba wanda ya ga lokacin da ta shiga. Kujerar daidai ƙugunta take, juyawa kawai ta yi ta zauna ta ja ƙafafunta.

"Ni dai na zauna," ta ce ta taga. "Ku ƙarasa maganarku."

Bakanike ya fito daga ƙasa yana murmushi. "Ba ta da kyau, amma ba ta da ƙarya. Ƙarfenta na asali ne tun daga gaba har baya. Taya biyu za ka canza."

Aka ce a zaga da ita. Bakanike ya zauna gaba, Mai Kaji ta shiga tsakiya kusa da Inna, Mai Awo ya tsaya yana jujjuya hularsa, sannan ya buɗe ƙofar baya ya shiga. Tela ya ja a hankali suka fita titi. Giyar na shiga ba gardama, birkin na kamawa tun kafin a danne shi sosai.

"Kun san ban taɓa zama a nan ba?" in ji Mai Awo bayan sun ɗan yi nisa. "Ashe da faɗi haka." Can kuma ya karkata kai. "Tsaya. Mene ne ke ƙara a bayan nan?"

Kowa ya kasa kunne. Lallai akwai wani ɗan ƙas-ƙas duk lokacin da aka hau gargada.

"Oh ni! Shekara nawa jikokina suna ce mini akwai ƙara, ina ce musu surutunsu ne. Tela, ka sa wannan ma a cikin laifuffukan, ban sani ba da na faɗa maka."

Aka faka a gefe. Bakanike ya ɗaga shimfiɗar but, ya zaro wani ɗan sifana da ya maƙale a gefen safayar taya, ya ɗaga shi sama.

"Sifanana mai lamba goma!" in ji dattijon da aka sa masa shi a hannu. "Har mutum na zarga a kan wannan, Allah Ya yafe mini."

Inna ta yi dariya har da share hawaye.

Maganar farashi ba ta ɗauki lokaci ba, a kan kofin shayi aka gama ta. 'Yar dattijon ta kawo takardu da makulli biyu. Shi kuma ya kwashe 'yan kayansa daga aljihun gaba, tsohuwar hular rana da igiyar awo da wani tabarau, ya zuba a leda. Ya tsaya ya ɗora hannu a saman motar, kowa ya ba shi lokacinsa.

"Baba," in ji Tela, "duk Alhamis nake kai Inna asibiti, kuma na ji 'yarka ta ce can kake ganin likitan ido. Hanya ɗaya ce. In biyo in ɗauke ka mana."

"A'a, kada in zame maka kaya. Zan dai yi tunani."

Suka kama hanyar gida rana na shirin faɗuwa. Bakanike ya sauka a garejinsa, Tela ya shiga gidan mai. Nan aka yi ta. Ya duba gefen sitiyari, ya duba jikin ƙofa, ya danna duk abin da ke dannuwa, har murfin injin ya buɗe, amma murfin tanki ya ƙi. Mai zuba mai na tsaye da tiyo a hannu, motoci biyu a baya sun fara hon. Mai Kaji ta rufe baki da mayafi tana ƙyaƙyatawa.

Dole ya kira Mai Awo. Dattijon ya yi dariya sosai a waya.

"Ɗaga shimfiɗar ƙafarka ta hagu, akwai ɗan ƙarfe a ƙasa. Ja shi sama."

Tela ya ja, murfin ya yi ɓas ya buɗe.

"Ya buɗe, Baba. Na gode."

"Madalla. Af, Tela, ranar Alhamis ɗin, ƙarfe nawa kuke fita?"

"Bakwai da rabi."

"To, za ka same ni a ƙofa."