Ruwan Rijiyar Meimuna

Meimuna ta kwance kwalbar ruwa daga bakin zane, ta goge ta da mayafi, ta miƙa wa Issifou da hannu biyu. Shi ne mai gwajin jini da bayan gida a wani ƙaramin asibiti a hanyar Bè, ɗan Zongo ne kuma, a idonta ya girma.

"Duba min shi da kyau, ɗan nan. Wai rijiyata ce."

Kwana goma sha tara ke nan ba wanda ya shiga gidanta da bokiti. 'Yar Assana maƙwabciyarta ce ta kwanta da atini, likita ya ce wata ƙwayar cuta ce, amiba, a ruwa ake shanta, shi ke nan mata suka koma layin famfo. Ita kuwa miji ya rasu, ɗanta Kimba yana can Yamai, ko wasiƙa babu. Rijiyar nan ce ke kawo mata mutane. Da, kafin azahar ta ji labarin Zongo kaf, wa ya haihu, kayan wa aka riƙe a tashar jirgi. Yanzu kaɗaici ya ishe ta, wallahi har da kaji take hira.

Issifou ya ɗiga ruwan a kan gilashi, ya kafa ido a madubinsa na duba ƙwayoyin cuta, ya daɗe yana murɗawa.

"Inna, ban ga komai ba. Ruwan nan ya fi na famfo haske." Ya rubuta takarda da Faransanci, ya buga hatimi.

Daɗi ya sa ta surutu. "To ita abar, ina take zama ne?"

"Ba ta son sama. Can ƙasa take, cikin taɓo, jikin ruɓaɓɓen ganye, santsin da ke gindin randa. Mai neman ta sai ya kankaro can. Mai sa ciwon kuwa daga masai take tsiyayowa, in yana kusa da rijiya. Ai daga guga kika zuba, ko?"

"Daga guga," ta ce.

Rabin gaskiya ta faɗa. Sai da ta bar ruwan ya kwanta a kwano, ta kwashi na sama, ta tace shi sau uku da sabon ƙyalle, ta tafasa. Ina za ta kai wa ma'aikaci ruwa mai dauɗa, kamar ba ta da tarbiyya? Ko baƙo ba a yi masa haka. Masai kuwa, taku shida ne tsakaninsa da rijiyar.

Matan jam'iyya sun tare titi suna gwajin rawar tarbar manya, dole ta sauka daga tasi ta ƙarasa a ƙafa. Telan ƙofar gidanta ya hango takardar, ya karɓa, ya karanta da ƙarfi, ya fassara wa duk mai kunne.

Bayan la'asar sai ga sallama. Assana ce, da bokiti a hannu, jariri a goye.

"Inna, ki yafe mana. Bakin mutane ne kawai."

Meimuna ta ji kamar ta rungume ta. Ta jawo tabarma da sauri, har tana tuntuɓe, tana tambayar mai jiki. Assana ta ce da sauƙi, ta nufi guga. Jaririn ya leƙo ta kafaɗarta yana tsotsar yatsa.

Meimuna ta riga ta kama igiyar.

"Bari. Je ki famfo."

"Haba Inna! Har yanzu fushi?"

"Ba fushi. Ruwan da na kai asibiti, tace shi na yi, na tafasa."

Assana ta tsaya tana kallonta. Ta gyara goyo, ta ɗauki bokitinta, ta fita ko sai an jima babu. Ba a daɗe ba Meimuna ta jiyo muryarta ta bayan katanga tana ba wa mata labari.

Meimuna ta naɗe tabarmar. Ta samo gwangwanin tumatir, ta jefa dutse a ciki, ta ɗaure shi a igiya, ta yi ta saki a hankali har ta ji ya nutse cikin taɓo. Wannan karon na can ƙasa za ta kai wa Issifou.