Ƙanƙarar Kyaftin Jabez

Babana, Zebulon Thaxter, shi ne alƙalin tarayya na gundumarmu. Tun yana lauya aka san shi da doguwar magana, da aka naɗa shi alƙali kuwa sai abin ya ƙaru. Ni nake kwafe masa hukunci, don rubutunsa ko shi bai cika iya karantawa ba.

Cikin watan Yuni wani jami'in kwastan, Mista Lunt, ya tsare jirgin Kyaftin Jabez Pruett a bakin ruwa. Ƙanƙara ce cike da jirgin, wadda Kyaftin ya yanko daga daskararren tafki lokacin hunturu ya rufe da garin katako don kada ta narke, zai kai tsibiran da ake zafi ya sayar. Mista Lunt ya rantse ba mai hankalin da zai yi fataucin ƙanƙara, lalle akwai abin da aka ɓoye a ƙasa. Kwana uku ana tono, ba a sami komai ba. Ita kuwa sai narkewa take, ga shi Kyaftin ba shi da komai a duniya sai ita.

Baba ya rubuta shafi ashirin da biyu. Ranar zaman kotu Mama tana goge masa baƙar rigarsa ta ce, "Zebulon, kafin ka kai shafi na biyar, ruwa bawan Allahn nan zai kai musu."

"Ba a yi wa shari'a gaggawa, Tabitha."

"To, sai ka gaya wa ƙanƙarar."

A saman masaukin baƙi kotun take zama. Na raɓe a bayan ƙofa, inda taga ke kallon jirgin. Baba ya ɗauko tarihin dokar teku tun daga Romawa. Ƙasa kuwa matuƙa suna ta kwarfe ruwa, kowane guga muna jin ƙararsa. Kyaftin yana ta murza hularsa, can dai ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, in da hali, a fara daga ƙarshe."

Mutane suka ƙunshe dariya. Baba ya dube shi ta saman tabarau, ya leƙa taga, ya daɗe yana kallon takardun nan kamar za a raba shi da ɗansa. Sai ya kife su.

"A sakar masa jirginsa."

Kafin la'asar sun ɗaga. Mu kuwa a gida, Baba ya ce ba mai taɓa miyar kifi sai ya ji yadda aka yi da Romawa.