Kukan Injin Ban-Ruwa

Manoman rani na fadamar da ke bayan Maska injin ban-ruwa ɗaya tal gare su, na ƙungiya, yana zagayawa gona-gona bi da bi. Suna kuma da doka a kansa: duk wanda inji ya mutu a hannunsa shi zai kai shi gyara, kuma layinsa ya wuce sai an sake zagayowa. Malam Labo, shugaban ƙungiyar, shi ya kawo dokar, kuma har ga Allah yana ji da ita. Kafin a kafa ta, dukan kawo-wuƙa ake yi wa injin nan, ba mai duba baƙin mai, ba mai barinsa ya huce. Da doka ta zo sai ka ga ƙato da gemunsa yana lallaɓa inji kamar ƙwai.

Ranar da layi ya zo kansa, tumatirin Malam Labo ya fara fure, ƙasa kuwa har ta tsattsage don ƙishi. Ya ja igiya, inji ya tashi, ruwa ya kama bin kwami. Bai kai rabin gona ba sai kunnensa ya tsinko wani ƙas-ƙas can ƙarƙashin rurin injin. Shi kuwa ba baƙon ƙarfe ba ne, ya daɗe yana aikin injin niƙa a Funtua da ƙuruciyarsa. Ya san wannan kukan sarai. Injin zai iya kai shi yamma ya gama ban-ruwansa tsaf, amma gobe ko jibi zai ce ga garinku nan.

Gobe kuwa layin Sanda ne.

Sanda Bamaguje ne daga wata unguwa a hayin rafi, bana ya shigo ƙungiyar. Ba kowa ya so shigarsa ba, Malam Labo ne ya tsaya kai da fata, ya ce mutumin da kuke cin kasuwa ɗaya da shi tun kakanni bai zama baƙo a bakin ruwa ba. In inji ya mutu a hannun Sanda, ba layi kaɗai zai rasa ba. Masu cewa "da ma mun faɗa" suna nan sun kasa kunne.

To amma tumatir fa? Fure in ya sha ƙishi zubewa yake, kuma wahalar rani duk ta tashi a banza. Malam Labo ya tsaya da fartanya a hannu, zuciya na raya masa cewa ai bai ji komai ba. Wa ya gan shi? Wa zai ce ya ji?

Nan ne wani tunani ya faɗo masa. Wannan kukan ba na yau ba ne, ƙarfe ba ya kai haka a wuni guda. Ya tuna Shitu, maƙwabcin gonarsa da ya miƙo masa injin jiya, yadda ya yi ta kauda ido yana cewa, "A riƙa ba shi hutu, Malam." Ashe lallaɓawar da yake gani yana jin daɗi ba ƙaunar inji ba ce. Kowa so yake ya rabu da shi da rai ya miƙa wa na gaba. Kai, jama'a! Dokar da yake taƙama da ita shiru ta koya wa mutane.

Ya miƙa hannu ya kashe injin, rabin gonarsa a bushe.

Bayan la'asar ya tara 'yan ƙungiya a gindin mangwaro, aka kira Aƙilu makanike ya kwance injin a gaban kowa. Aƙilu ya girgiza kai. Ya ce boris, wato zoben nan mai 'yan ƙwallayen ƙarfe a cikin injin, shi ne ya mutu tuntuni, har ya ci ƙarfen da yake juyawa a kai. Da an yi magana da wuri, da aikin ɗan lokaci ne a nan bakin gona. Yanzu kam sai an kai Funtua, kuma sai an kwana biyu.

"Don girman Allah," in ji Malam Labo, "wa ya taɓa jin kukan nan kafin yau?"

Wani ya hau gyaran hula, Shitu ya kama zane a ƙasa da tsinke. Malam Labo bai matsa ba, don shi ma da safe saura ƙiris ya shiga sahunsu. Ya ce daga yau an soke doka. Duk wanda ya ji wani abu ya faɗa, layinsa na nan, kuma gyara na ƙungiya ne gaba ɗaya. In inji ya dawo a ci gaba daga kan Sanda.

"To kai fa, Malam?" in ji Shitu. "Kafin a zagayo ai furenka ya zube."

"Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka," in ji Malam Labo. Ya faɗe ta da murmushi, amma wallahi abin na cin ransa.

Da aka watse suka jera da Sanda, hanyarsu ɗaya har bakin rafi. Malam Labo ya ɗan ji sanyi a zuciyarsa, ganin ya tsamo mutumin daga ramin da bai ma san da shi ba. Sai ya tambaye shi da wasa ko shi bai taɓa jin kukan ba.

"Na ji mana, Malam, tun zagayen da ya wuce."

"To me ya hana ka magana?"

Sanda ya yi 'yar dariya mara daɗi. "Na ga kowa ya ji, kowa ya yi shiru. Na duba layi, na ga a kaina zai faɗo. Sai na ɗauka shawara kuka yanke, ta haka za a sallame ni ba tare da an yi baki ba." Ya nuna hayin rafi da haɓa. "Shi ya sa ban dasa rabin gonata ba."

Malam Labo ya duba inda ya nuna. Ga kwami nan an ja su reras, an zuba taki, ba ko tsiro ɗaya a ciki, lokacin dashe kuwa ya riga ya wuce.

"Har da ni ka ɗauka, Sanda?"

"Ai kai ne za ka miƙo mini shi, Malam."